Ranar da Muka Kai Goggo Idon Ruwa

Garinmu ba a bakin kwalta ya soma ba. Asalinsa can gindin dutse ne, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa ta wata tsaga, rani da damina. Da aka yi hanyar Gwaram sai mutane suka yi ta sakkowa gida-gida, har wurin ya zama kufai.

Goggo, yayar mahaifina, a can aka haife ta. Bayan idonta ya rufe, wata safiya ta ce mini, "Ɗan nan, ka kai ni idon ruwa."

Na ce, "Goggo, ai in ruwan kike so, sai in ɗebo miki."

"Na ce maka ƙishirwa nake ji?"

Ba ta iya hawa babur, don haka na aro amalanken shanu, matata ta shimfiɗa mata tabarma a ciki. Muna tafe tana tambaya ko mun wuce tsamiya. Da na ce e, sai ta shiga nuna gonakin gero da sandarta: nan marina take, can maƙera, can kuma gidan da aka yi mata kitson farko. Ni dai kara kawai nake gani.

Ta ce zamanin yaƙi kakanninmu kan dutsen suka gudu. Mahara suka kewaye su, ba su san akwai ruwa a ciki ba. Ƙishirwa ce ta kori maharan, mutanenmu kuwa suka ce ba za su bar wurin da ya rufa musu asiri ba.

Da muka isa idon ruwan, muka tarar da wata tsohuwar Bafulatana tana wanke ƙwarya. Ta ƙura wa Goggo ido, sannan ta kira ta da wani sunan yarinta da ban taɓa ji ba. Goggo ta saki sanda tana lalube, suka riƙe hannun juna suna ƙirga waɗanda suka rasu.

Na kama Goggo ta tsuguna, ta tsoma hannu cikin ruwan har gwiwar hannu.

"Ya ragu," in ji ta. "Amma sanyin na nan."

Ta yi alwala, ta sallaci azahar a kan falalen dutse. A hanyar komawa barci ya ɗauke ta, na bar shanun suka yi tafiyarsu a hankali.