Ledar Kujerar Baya

Babana bai taɓa taka ƙasar Japan ba, amma in ya fara ba ka labarinta sai ka rantse can aka binne cibiyarsa. Bakanike ne. Ta Chadi da Sudan ya biyo ya iso Makka yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa a wani gareji a unguwar Kudai, kwance ƙarƙashin motocin mutane. Ya ce lokacin da ya zo, zunduma-zunduman motocin Amurka ne suka cika titi, masu shan fetur kamar ana zubawa a rami. Da ƙananan motocin Japan suka fara shigowa, dariya aka yi ta yi musu, ana ce musu gwangwanin kifi. Shi ne ya fara sayen ɗaya a layinmu na Rusaifa, fara, sabuwa dal, shekarar da aka haife ni.

Tarihin motar nan mun sha shi har ya gundure mu, ni da Umma, don mu kaɗai ne a gidan. "Mutanen nan yaƙi ya bar su da toka," haka yake farawa. "Masu ƙera wannan motar ma da injin saƙa suka soma. Suka kwance motar Bature ƙusa-ƙusa, suka koya, suka zo suka fi shi." Abin da ya fi burge shi wata igiya ce da aka ce tana rataye a masana'antarsu. Ko ƙaramin lebura ne ya ga aibi a jikin mota, sai ya ja ta, aiki ya tsaya cak har a gyara. To, Baba ya ɗauko igiyar nan ya rataye ta a gidanmu, sai dai shi kaɗai ke da ikon ja. Gishiri ya yi yawa a miya, a tashi daga kan abinci. Aka rufe ƙofar mota da ƙarfi, an fasa fita ke nan, kowa ya koma ciki.

Sai leda. Kujerun motar sun zo daga kamfani a lulluɓe da leda, kuma Baba ya hana a cire. Da ta fara yagewa ya kai wa mai ɗinkin kujera ya ɗora wata mai kauri a kai, ya ɗinke. Wai iskar Japan ce a ciki, kada ta fita. Wanda ya san ranar Makka ya san abin da nake nufi. Ka shiga bayan Azahar, ledar nan ta gasa maka cinya ta cikin abaya, zufa ta taru ƙarƙashinka, in za ka tashi sai ta saki fatarka da ƙara. Umma tana zaune a baya, dama, wurinta ke nan. Sau nawa na ji ta ce, "Malam, don Allah ko ta bayan nan kaɗai a cire." Amsarsa ɗaya ce: "In kin sayi taki, ki cire."

Ina da shekara ashirin da wani abu ciwon daji ya kama Umma. Maganin da ake ɗura mata a asibiti yana sa ta amai, ga jikinta duk ya yi laushi, ledar tana ɗaye mata fata. Na roƙe shi mu shimfiɗa mata bargo, ya yarda da bargo, bai yarda da cire leda ba. Wata rana muna dawowa, mun fito daga ramin dutsen nan na Kudai da titi ya ratsa ta cikinsa, zuciyarta ta tashi. Ta toshe baki da mayafi. Baba ya hango ta a madubi, ya taka birki, ya zagayo ya buɗe ƙofa.

"Yalla, ku fita. Wari ba ya fita daga mota."

Muka fita. Umma ta durƙusa a bakin titi tana amai, motocin alhazai suna wucewa, mutane suna leƙowa ta taga. Na ɗauka jiranmu zai yi. Wallahi jan motarsa ya yi ya tafi. Wani direban tasi ɗan Pakistan ne ya kwashe mu, ya ba ta ruwa, ya shimfiɗa mata tawul ɗinsa. Daga ranar ba ta sake shiga motar ba, kuma bayan wata biyar ta rasu. Baba bai taɓa tayar da maganar ba. Ni kuwa abu ɗaya nake so a duniya, in ji ya ambaci Umma da bakinsa, ya ce ya zalunce ta.

Shekaru suka ja. Aka ba mu mata izinin tuƙi a ƙasar, na je na koya, Baba ya ce ko mariƙin ƙofar motarsa na taɓa sai ya karya mini hannu. Sai ciwon suga ya cinye masa ido, daga baya ya sauka kan ƙoda. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a mako. Na ce mu riƙa kiran tasi, ya ce shi ba zai shiga robar da ake ƙerawa yanzu ba yana da mota a ƙofar gida. Ba shi da ɗa namiji, abokan garejinsa kuma wasu sun mutu wasu sun koma gida. Haka ya miƙo mini makulli, fuskarsa na kallon bango.

Ko a makance bai fasa jan igiyarsa ba. "Ke, giya ta biyu! Ba kya jin injin yana kuka? Jaka kawai." In sun fito da shi daga wanki ba ya iya zama a gaba, sai in kwantar da shi a baya, dama. Ina kallonsa ta madubi a wurin Umma, ledar tana ƙara ƙarƙashinsa, zuciyata tana tafasa.

Wata Talata na kai shi, suka jona masa na'ura. Awa huɗu ake yi. Na sauko wurin ajiye motoci da almakashin ɗinkin Umma a jaka, don ba zan yi ƙaryar cewa tsautsayi ne ba, da niyyata na fito. Na buɗe mota, na farke leda mai kaurin, na yage ta kamfanin da ta riga ta zama ruwan ƙasa. Ga yadi nan ja mai gashi-gashi, ko ƙura babu, shekara talatin da 'yan kai ba wanda ya zauna a kai. Na tattara ledar na cusa a kwandon shara.

Da na zaunar da shi, bai ji ƙarar da ya saba ji ba. Ya sandare.

"Ina ledar?"

"Na cire, Baba."

Na tayar da mota. Akwai hanyar da ta fi kusa da gida, amma na bi ta Kudai. Muna tsakiyar ramin dutse, inda ba a tsayawa, na ji numfashinsa ya canza.

"Tsaya," ya ce. "Ke yarinya, tsaya, zuciyata na tashi."

Ban ko rage gudu ba. Muka fito haske, ga wurin tsayawa, na wuce shi. Ya sake cewa in tsaya, a karo na uku har da "don Allah", kalmar da ban taɓa ji daga bakinsa zuwa gare ni ba. Sai ya sako amai, a kan jallabiyarsa, a kan kujera, ko'ina. A lokacin na ja gefe na kashe mota, daidai inda Umma ta durƙusa.

"Baba, ka san inda muke? Nan ne ka sauke mu."

Na juya ina kallonsa. Hawaye ne ke zuba daga idanun nan da ba sa gani, na ce a raina yau dai zan ji. Sai na lura da hannunsa. Yana shafa yadin ne a hankali, can gefen da aman bai kai ba.

"Ashe haka take da laushi," ya ce. "Maza mu je gida ki samo ruwan ɗumi kafin ya bushe."

Na kai shi gida, na yi masa wanka, na canza masa kaya, don ubana ne. Motar kuwa na ɗaga gilasanta duka na kulle, na bar ta a rana kwana uku. Kullum yana tambaya ko na wanke, ina ce masa tukuna. Ranar Alhamis a tasi muka je asibiti, kuma a tasi muka ci gaba da zuwa har ƙarshen ransa. Bai ambaci Umma ba.

Motar tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace. Na wanke kujerar ya fi sau goma tun bayan rasuwarsa, da sabulu, da turare, da duk abin da aka ce mini in gwada. Da gaskiyar Baba, warin bai fita ba.