Dakta Sabo da "Three No Trump"

Duk wanda ya taɓa zama da marigayi Dakta Sabo a teburin bridge ya san kafin ya gama jera kartarsa ya riga ya ce, "Three no trump." Na buga wasan nan a Alƙahira, na buga da Faransawa a Yamai, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba sai da na zo unguwar Lewisham, a ƙasar Turawa.

A bridge bibbiyu ake yi. Kai da abokinka za ku yi ta kira bi da bi har ku tsaya kan launin da ya fi muku ƙarfi. Wanda ya fara ambatar launin shi ke bugawa, ɗayan ya shimfiɗa kartarsa a tebur ya yi shiru. "No trump" kuwa kira ne da ba a fifita kowane launi, shi ma wanda ya fara faɗarsa shi ke bugawa. Ni ne abokin Dakta. Shekara da shekaru, duk ranar Talata, ina shimfiɗawa! Burina ɗaya: in buga hannu mai kyau ko sau ɗaya kafin in mutu.

Wata rana 'yan launin da ake ce wa spades suka cika mini hannu har suna zubewa. Na kira spades, na maimaita. Ya ce, "Three no trump." Wata tsohuwar Baturiya ta yi mana kaca-kaca.

Na ce, "Haba Dakta, ba ka ji ni ba ne?"

Ya ce, "Na ji ka, Malam Isa. Ai shawara ka ba ni, kuma na gode."

A bas ɗin komawa Plumstead na kawo masa yadda Faransawa ke yi, yadda Misirawa ke yi. Ya ce, "Shi ya sa duk ka baro su."

Hajiya Rabi, matarsa, ta ce haka yake in ya je cefane kasuwar Rye Lane. Za ta lissafa doya, manja, kifi, ya saurara tsaf, ya dawo da gari. Ta ce mini, "Kai ranar Talata kawai kake fama. Ni fa?"

Da ciwo ya kwantar da shi, muka kai masa wasan falonsa. Na duba hannuna, na ce, "Four spades," don dai kada a ce ban faɗa ba. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Pass," wato ya bar mini.

Wallahi na zaci kunnena ne! Sai da ya zo shimfiɗa kartar na ga yatsunsa na rawa, ba sa iya riƙe ta. Hajiya ce ta jera masa.

Na buga, na ci, ban rasa ko ɗaya daga abin da na kira ba. Na ɗago ina jiran yabo.

Ya leƙa teburin, ya ce, "Da no trump ne da mun fi haka."

Allah ya ji ƙan Dakta, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya ba Hajiya da yara haƙurin rashinsa. Amin.