Kafireta a Kan Faifai

Duk tsawon shekarun da na yi ina yankan itace tsakanin Mafara da Bakura, ranar da injina ya mutu a Ruwan Gizo ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Wata katuwar dalbejiya ce iska ta karkatar, ta rusuno kan ɗakin wata tsohuwa mai takaba. Aka kira ni. Injin na mahaifina ne, ya girme wasu magidantan, ga taurin kai irin na mai shi. Muka ɗaure bishiyar da igiya, maza suka riƙe, na fara yanka. Na ci rabi ke nan injin ya yi tari, ya yi shiru. Na ja zaren tayar da shi, ya tashi, ina ba shi wuta ya sake mutuwa. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Bishiyar da aka ci rabinta ba ta jiran kowa. Na ce a fito da tsohuwar, ƙanin mijinta ya je bakin ƙofa yana lallashi.

"Inna, don Allah ki hito."

"Ba ni hita," in ji ta. "Nan Malam yab bar ni."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba, amma babu lokacin gardama. Na kwance fulogi na gan shi a bushe, na san mai ne ba ya isowa. Sai kafireta, wato inda mai da iska ke haɗuwa. Na roƙi faifai don kada ƙananan ƙusoshi su ɓace a yashi, tsohuwar ta miƙo daga bayan labule. Da na buɗe, 'yar rariyar ciki ta toshe da garin katako, robar da ke tura mai kuma ta ƙandare kamar ganda.

Bishiyar ta yi ƙara. Igiya ta fara jan mutane, ƙafafunsu na tirje ƙasa.

"Mai inji, hannuwa sun gaji!" wani ya yi ihu.

Ƙusa ɗaya ta suɓuce mini ta faɗi, Allah Ya sa kan faifan. Na tsince rariyar da tsinken tsintsiya, na wanke da fetur. Robar kuwa na jiƙa ta a ruwan zafin da tsohuwar ta turo a kwano, na murza har ta yi laushi. Ina ɗaurawa yayyafi ya fara. Na ja, shiru. Na sake ja, ya yi tari. Na yi bismilla na fizga, ya ɗauka da ruri. Ban san sanda na ƙarasa yankan ba, sai dai na ji ƙasa ta girgiza, dalbejiya ta kwanta a fili, ɗaki na tsaye.

Da na mayar da faifan na ce, "Inna, kin kusa kashe mu da tsoro."

Ta ce, "Ɗana, ni ma na ji tsoro. Amma da na hito, da kun saki igiyar. Ɗakin ga shi kaɗai yar rage mini na Malam."

Gaskiya ta faɗa, da mun saki. Tun daga ranar ba na sa inji a jikin itace sai na buɗe kafireta na duba. Kuma na daina raina abin da wani ya ƙanƙame, tunda ban san me ya rage masa ba.