Tsere da Surukina a Kan Dam

Ni dai ba ɗan ruwa ba ne. Malamin firamare ne ni a Yankara, ɗan manoma jikan manoma, kuma kafin in yi aure ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan garinmu. Surukuta ce kawai ta kai ni tseren kwale-kwale.

Surukina, uban matata, ya yi shekaru yana aiki a wani babban dam can nesa da mu, inda ma'aikata suke da kulob na tseren ƙananan jirage masu tafiya da iska. Da ya yi ritaya ya dawo ƙasar Faskari, sai ya dawo da abin a jininsa. Ya sami wani kafinta ya tsaya a kansa har ya ƙera masa kwale-kwale na falanki, ya sa tela ya ɗinke buhunan taki aka yi ƙyallen da iska za ta tura, aka kafa gora a tsakiya aka ɗaura. Mutane suka yi ta dariya, daga baya masu dariyar suka riƙa lallaɓawa wurin kafinta ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da na auri 'yarsa jiragen sun kai bakwai. Duk Asabar bayan kaka, in an gama kai amfanin gona gida, sai a haɗu a bakin dam da hantsi. Akwai wani ɗan kasuwa mai zuwa daga Ƙanƙara a kan babur, akwai wani ma'aikacin asibiti daga Sabuwa wanda shi ke busa usur. Wannan kafin hanyoyinmu su lalace ne.

Wata rana na je gaishe da Alhaji surukina, na tuɓe takalmi na tsuguna daga bakin zaure, sai ya ce, "Malam, ranar Asabar ka taho dam." Na ce to. Ban san me zan je yi ba, kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Ranar farko kaina ya ɗaure tamau, kuma gaskiya har yau bai gama kwancewa ba. An jefa jarkoki uku masu ruwan ɗorawa a cikin ruwa, kowace an ɗaure ta da dutse, aka ce su za a kewaya a dawo. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Sai aka ce jarka ta farko tana wajen da iska ke fitowa, kuma jirgi ba ya tafiya kai tsaye cikin iska, sai ka yi dama, ka yi hagu, ka sake yin dama, kamar mai kewaye wanda ba ya son su gaisa. Na ce to me zai hana a matsar da jarkar inda iska ke zuwa, kowa ya huta? Dariyar da aka yi mini ranar har masunta da ke gefe sai da suka taya. Ga katakon juya jirgi, wanda suke kira sitiyari, in ka tura shi hagu jirgi ya yi dama. Ga gorar ƙasan ƙyalle, wadda duk juyawar da za ka yi sai ta zo neman ƙeyarka. Sau uku ta same ni a ranar, na koma gida da ƙulu, matata ta kalle ni ta ce, "Baba ne ya buge ka?"

Doka ɗaya ce Alhaji ya tsaya ya koya mini da bakinsa. In jirage biyu za su haɗu, wanda iska ke shigo masa ta hannun dama shi ke da hanya. Zai ɗaga murya ya ce "Hanya!" ɗayan kuma dole ya kauce ya bi ta bayansa. Ya ƙara da cewa, "A bisa ruwa babu babba babu yaro, ka ji ko?" Na gyaɗa kai. Na ɗauke ta irin maganar da manya ke yi don su nuna ba su da girman kai, wadda in ka yi aiki da ita kai ne mara kunya.

Abin da ban zata ba shi ne zan iya. Ni siriri ne, ba ni da nauyi, kuma sannu a hankali hannuna ya koyi jin iska a jikin igiya. Kafin kaka ta zagayo babu wanda ba na iya wucewa. A nan matsalata ta fara. Duk tseren da za a yi sai in ga bayan Alhaji yana matsowa, hularsa da wuyansa da komai, har in fara jin tarinsa. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, shi zan zo in gifta in bar shi yana kallon ƙeyata? Sai in ɗan saki igiya, iska ta zube daga ƙyalle, jirgina ya lafa. Alhaji ya zo na ɗaya, ni na biyu. Haka muka yi kaka biyu cur, kuma ina jin daɗin kaina, ina ganin na iya zama da manya.

Ran da abin ya faru iska ta yi ta sauya baki. Alhaji ya ɗauki ɓangaren duwatsu, ni na ɗauki ɓangaren lambuna don in yi nesa da shi, sai ga shi dab da jarka ta biyu mun nufo wuri ɗaya. Na duba ƙyalle, na duba hannuna. Iska ta dama take shigo mini. Hanya tawa ce. Na buɗe baki in kira, wallahi kalmar ta ƙi fita. In daka wa uban matata tsawa a gaban jama'a in ce ya kauce mini? Na tura sitiyari don in bi ta bayansa. Shi kuma, da yake ya san doka kuma ya san hanyata ce, a daidai lokacin ya juya don ya bi ta bayana. Muka yi wa juna ladabi a wuri ɗaya. Hancin jirgina ya daki cikin nasa, ƙyallensa ya kwanta, na ga ƙafafun surukina a sama.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Na manta ban iya iyo ba, rigar hana nutsewa da aka ɗaura mini ce ta riƙe ni. Na tarar da shi yana riƙe da gefen jirginsa yana furzar da ruwa, ni kuma abin da ya zo bakina shi ne, "Sannu Alhaji, sannu da aiki." Masunta ne suka zo suka kwashe mu mu biyu.

A bakin ruwa mai usur ya tara mu a ji wa ke da laifi, don haka dokar kulob ta ce. Na yi maza na ce laifina ne. Alhaji, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Hanyarshi ce. Ni na kauce yadda doka ta ce." Mai usur ya ce to in hanyarsa ce ai ba shi da laifi. Kafinta ya ce yana da shi, tunda ya bar hanyarsa ya bi ta wani. Aka yi ta ja, ni ina tsugune ina rawar sanyi, na kasa gane ko laifina shi ne na bugi Alhaji ko kuwa na girmama shi.

Alhaji ya juyo wajena ya ce, "Malam, mi ya hana ka kira hanya?"

Na sunkuyar da kai. Sai ɗan kasuwar nan na Ƙanƙara, wanda bakinsa ba ya da birki, ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ina shi ina kira maka hanya? Mutumin da kullum in ya cim maka sai ya saki igiya? Ai kowa ya sani."

Na saci kallon Alhaji. Ban ga fushi ba, da ma fushin na gani. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Sai lokacin na gane shi kaɗai ne bai sani ba. Ya matse hularsa ya sa ta a jiƙe, ya hau babur ya tafi.

Bayan kwana biyu ya aika a kira ni. Na tsuguna inda na saba. Ya ce, "Sau nawa?" Na ce Allah ya ba Alhaji haƙuri. Ya ce, "Ba haƙuri na tambaye ka ba. To ka saurara. Asabar mai zuwa in ka saki igiya, kak ka sake taka mani zaure."

Na fito ina lissafi. In na wuce shi na kunyata shi a gaban abokansa, in ban wuce shi ba na rasa zaurensa, kuma ni mutuncina a idon mutumin nan ya fi mini dam ɗin da jiragen da ke kansa. Na kai wa mahaifina maganar a gona, ya jingina da fartanya ya ce, "Wanga wane irin suruki ne? Shi ya ce ka kada shi?" Na ce shi ya ce. Ya ce, "To ni ban taɓa ji ba," ya ci gaba da aikinsa. Matata kuwa cewa ta yi in yi abin da Baba ya ce, da na tambaye ta ko da gaske yake sai ta ce ai ni ne namiji, ni zan fi sani. Haushi ya kama ni da su duka, har da kafintan da ya ƙera jirgin farko.

Asabar ta zo, aka busa usur. Kafin jarka ta farko ni da Alhaji muka sake nufo wuri ɗaya, iska a damana. Na rufe ido na kwarma, "Alhaji, hanya!" Muryar ta fito a karye kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Ya kauce tsaf, ya bi ta bayana, bai ko kalle ni ba. Na riƙe igiyar nan har ta yanke mini tafi, ban waiwaya ba sai da na tsallake layin ƙarshe.

Da na waiwaya ban ga Alhaji a bayana ba. Ɗan kasuwar Ƙanƙara ne, mai bakin nan, bayansa kafinta, bayansa wani manomi daga Tafoki. Ashe ba ni kaɗai ke sakin igiya ba. Ni dai ina gaba ne, su kuma suna fakewa a bayana, da na buɗe ƙofa duk suka bi. Alhaji ya zo na biyar cikin bakwai. Ya ja jirginsa bakin gaɓa shi kaɗai, ya hana kowa kama masa. Na je na tsuguna. Ya ce, "Madalla, Malam." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bai sake shiga jirgi ba. Ya zo sau biyu ko uku ya zauna a tabarma yana kallo, daga nan ya daina zuwa. Zaurensa bai rufe mini ba, yana amsa gaisuwata yadda ya saba, bai ƙara ba bai rage ba. Na sha zama a gabansa ina neman alamar ko ya ji daɗi ko ya ƙullace ni, ban samu ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki ne matata ta gaya mini cewa ran da na wuce shi ta je gidansu da yamma, ta same shi a tsakar gida yana alwala. Bai tambaye ta yara ba, bai tambaye ta hanya ba, sai cewa ya yi, "Shekara biyu mijinki na goye da ni, ni ko ina ta cika baki ina tahiya da ƙahwata."

Na ce mata godiya yake yi ko ƙorafi? Ta ce ita ma ta so ta gane, amma ya faɗa ne kansa a sunkuye yana wanke ƙafa, kuma ya daɗe bai ɗago ba.