Madam Safiatou, wadda ta fito da Ruma'isa daga ɗaki

Mai abu ya karɓi abinSa, mu ma duk can muka nufa. Ranar Talata, 17 ga watan Mayu na 2022, Allah Ya yi wa Madam Safiatou, majon likitar garinmu, wato shugabar ma'aikatan jinyar asibitinmu, a ƙasar Dungas, rasuwa a Magaria wajen haihuwa. Jaririn ya rayu, namiji ne. Ina tankaɗe a tsakar gida maƙwabciyata ta leƙo ta faɗa mini. Ban yi kuka a take ba. Na ajiye rariya na shiga neman 'yata Ruma'isa, na same ta bayan rumbu tana wasa, na ɗora hannu a ƙirjinta ina sauraren bugun zuciyarta. Ta ce, "Mama, lafiya?" 

Madam, zan faɗi abin da kika yi mana yadda ya faru, don mutane su sani.

Cikin sanyin bana mura ta zagaye gidanmu. Maigidana har ya yi kwanaki yana cewa miyata ba ta da ƙamshi, ashe hancinsa ne ya daina ji. Ruma'isa, 'yata ta uku, mai shekara bakwai, ita ce ta fi kowa samun sauƙi, ko lakwal, wato makaranta, ba ta fasa ba. Muka manta. Bayan kamar wata guda sai zazzaɓi ya kama ta, irin wanda ban taɓa ji a jikin yaro ba. Idanunta suka yi jawur, leɓɓanta suka tsattsage, ƙuraje suka feso mata, tana riƙe ciki tana amai.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta duba ta ce baƙon dauro ne. A wajenmu kowa ya san yadda ake yi da wannan baƙo. Ba a kiran sunansa, ba a fito da yaro iska, ba a yi masa wanka, allura kuwa ba ta taɓa jikinsa, don an ce idan ƙarfe ya shiga ƙurajen za su koma ciki su kashe shi. Rufe ɗaki ake yi, a jira baƙo ya gama kwanansa ya tafi. Haka muka yi. Inna ba don mugunta ta yi ba, a bayanta Ruma'isa ta girma.

Baƙo bai tafi ba. Hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura. Goshi kamar garwashi, tafin ƙafa kuma sanyi ƙalau. Ta daina kuka, ta daina neman ruwa, wannan shirun ne ya tsinka mini zuciya. Da safe na ɗauki tulu kamar za ni rijiya, na ajiye shi a gidan wata, na ruga likita. Na same ki kina awon jarirai, cikinki ya riga ya fito. Na ce miki ba ni da ikon fito da yarinyar. Kika ce, "To ni ai ina da ikon shiga."

Kin bar wa abokiyar aikinki layin, kin tuɓe farar riga, kin yafa mayafi, ko jaka ba ki riƙa ba. Da muka isa, duk da nauyin jikinki sai da kika durƙusa har ƙasa.

"Inna, na ji kuna da baƙo, na zo gaisuwa."

"Gaisuwa da baki ake yi, 'yar nan, ba da allura ba."

"Dubi hannuna, Inna, ko tsinke ban riƙo ba."

Ta bar ki kika shiga. Kin daɗe kina duba yarinyar, sannan kika juyo kika ce wa Inna ita ta fi ki ganin wannan baƙo, ta taya ki dubawa. Inna ta ce ta yi jinyarsa a 'ya'yanta, biyu ma shi ya tafi da su.

"Allah Ya jiƙan su. Suna tari, Inna?"

"Kamar ƙirji zai tsage."

"Idanunsu fa?"

"Kwantsa har ba sa buɗuwa."

"To ita wannan fa?"

Inna ta ɗage labule da kanta haske ya shigo. Ta buɗe idon Ruma'isa, ja ne amma a bushe. Ta buɗe bakinta, harshe ya kumbura ya yi ja kamar barkono. Ta kasa kunne, babu tari. Ta ce, "Wannan ba shi ba ne. To mene ne?" Kika ce, "Wallahi Inna ban tabbata ba, amma ba ciwon zaman ɗaki ba ne."

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar. Ta nemi zane, ita ta goya yarinyar ta fito da ita.  Da can muna tsoron abin da muka san sunansa ne, yanzu ko sunan babu.

A likita kin gwada zazzaɓin sauro, babu. Kin kira lokotoro, wato babban likitan yara na Magaria, a salula, shi ya sa kika tambaye ni ko an yi mura a gida kwanakin baya. Da ambilans ta zo don kai mu Magaria, ba dolenki ba ne ki shiga, amma kin shiga. Duk ramin da motar ta faɗa ina ganin kina cije leɓe kina dafe mara, ɗaya hannun kuma yana kan wuyan hannun 'yata.

Lokotoro ya yi bayani da faransanci, kika juya mini. Kin ce ga alama kurona ce muka yi, ta wuce, amma jikin yarinyar bai san an gama faɗa ba. Kin ce kamar wutar da aka kunna don ƙona sharar gona ce, shara ta ƙare, wuta ba ta mutu ba, ta nufi rumbu, rumbun kuwa zuciyarta ce. Aka sa mata iska a hanci, aka sa ƙarin ruwa yana ɗiga a hankali don zuciyar ta gaji, aka yi ta ba ta allurar kashe kumburi ta jijiya. Ba ki ɓoye mini ba cewa akwai wani magani da ake tacewa daga jinin mutane, ba a samu ba, da abin da ke hannu za a yi. Na tambaye ki ko za ta rayu. Kika ce, "Maman Ruma'isa, ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Tashi ki ci abinci." Tuwon da aka kawo miki daga gidan yayarki kika tura mini.

Allah Ya sa zazzaɓin ya sauka. Fatar yatsunta ta yi ta saɓulewa, ta buɗe ido ta ce tana son fura. Bayan mun koma gida ƙwayoyin da aka sallame mu da su suka sa fuskarta ta yi ɓul-ɓul, na tsorata na so in daina ba ta. Kin zo har gida kin hana ni. Kin ce wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, yaye shi ake yi kamar yaye yaro daga nono. Duk sati kina zuwa ki rage da hannunki, ki zauna ki yi wa "ƙawarki" kitso.

Ke kika kai mu Damagaram aka ɗauki hoton zuciyarta. An ce wata jijiya ta buɗe fiye da ƙa'ida, tana iya komawa daidai, tana iya ƙi. Aka ba mu 'yar ƙwaya ta kullum don kada jini ya daskare, aka ce mu dawo farkon damina. A mota kin ce mini, "Tare za mu dawo, da jaririna a baya."

Madam, lokacin ya zo, ranar Litinin ce. Ina jin tsoro. Idan Ruma'isa ta yi gudu ta tsaya tana haki sai in ɗora hannu a ƙirjinta. Ban san ƙofar da za mu shiga ba, ban san wanda zai juya mini maganar lokotoro ba tare da ya rage ko ya ƙara ba. Jiya muna dawowa daga zaman makokinki Inna ta tsaya a hanya ta ce, "Ni zan raka ki." Ba ta taɓa wuce Magaria ba, mota ma amai take sa ta. Na ce, "Inna, ni da ke babu mai jin faransanci." Ta ce, "Sai mu zauna a ƙofarsa har ya nemo mai jin Hausa."

Allah Ya jiƙan ki, Madam Safiatou. Allah Ya karɓi shahadarki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya jikin 'yata. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Abdulhadi, da mahaifiyarki, da 'yarki Nafisa, da abokan aikinki. Jaririn da aka raɗa wa suna Ammar, Allah Ya raya shi, Ya ba shi mai riƙe shi da tausayi. Duk wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, idan ya shafa kuma ya ƙara da Ruma'isa, don ranar Litinin za mu shiga mota ba tare da Madam ba.

Hindatu, maman Ruma'isa