Karatun da Malam Haladu Ya Kawo Daga Zariya

Malam Haladu mutumin Indabo ne, ɗan wani masaƙin tabarma. Mahaifinsa bai so ya yi boko ba, amma da aka zo neman yaran da za a kai elementare, mai unguwa ya nuna gidan da ya san ba za a iya yi masa gardama ba. Haka Haladu ya koyi karatu, ya fito da rubutu mai kyau, aka ɗauke shi malamin ofis a Wudil. Dogo ne siriri, mai sanyin murya. Ya auri Barakatu, suka kama gida a Sabon Garin Wudil, kuma ya yi shekaru yana kwafe umarnin manya ba tare da ya taɓa tambayar dalilin ko ɗaya ba.

A shekarar 1955 aka tura shi kwas Zariya, inda ake koya wa ma'aikata aikin mulki. A da, shi a ganinsa doka aba ce da ke saukowa daga sama ta faɗa kan talaka. A can ya ji cewa akwai dokar da ke kan masu mulkin su kansu. Malaminsu ya ce kowane ma'aikaci ikonsa yana da iyaka, kuma ba a raba mutum da abinsa sai an kira shi an ji ta bakinsa. Ya ce wanda ke da riba a cikin magana ba shi ne zai yanke ta ba. Haladu ya tuna ya taɓa jin irin wannan a zauren malaminsu na Indabo, a babin alƙalanci, sai dai bai taɓa zaton ta shafi ofis ba. Ya riƙa tsare malamin da tambayoyi har abokansa suka fara yi masa tsiya.

Da ya dawo ba shi da zance sai wannan. Wata rana Barakatu tana tankaɗe, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, su waɗanda suka koya maka ɗin, a Wudil suke kwana?"

Ya yi dariya, ya ce doka ai ba ta da gari.

Ba a daɗe ba wani manomi mai suna Isyaku, daga wani ƙauye a bayan Darki, ya yi sallama da shi ranar kasuwa. Isyaku yana da fadama a bakin kogi, gadon kakansa, inda yake noman rake da albasa. Wani malamin daji da ake kira Maikano ya zo ya kafa turaku, ya ce wurin ya shiga gandun daji. Kafin kaka ta zagayo, sai ga surukin Maikano yana dasa albasa a ciki.

Bayan sun gaisa, Haladu ya ce, "Kafin a kafa turakun, an kira ka an tambaye ka?"

"Ranka ya daɗe, ko sallama ba a yi mini ba."

"To ba a yi daidai ba. Kana da ikon kai kuka Kano."

Isyaku ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ba ƙara ya zo kawowa ba. Ya riga ya bar wa Allah, cirani zai tafi Jos, so kawai yake ya ji ko za a bar shi ya sare ragowar rakensa. Amma Haladu ya ƙi sakinsa. Ya zaunar da shi a ƙofar gida, ya yi ta ba shi ƙarfin gwiwa, ya koya masa abin da zai faɗa, yana faɗi Isyaku na maimaitawa kamar ɗan makaranta, har maganar ta zauna a bakinsa.

Isyaku ya hau motar Kano, ya tsaya gaban manya, ya faɗi abin da aka koya masa. Ya ce ma'aikacin hukuma ya wuce iyakar ikonsa. Lokacin kuwa siyasa ta yi zafi, irin wannan magana a bakin manomi ba ta da fassara sai ɗaya: 'yan hamayya ne suka zuga shi. Aka tambaye shi wa ya sa masa ita a baki. Ya ce babu kowa. Aka sake tambaya, ya sake cewa babu kowa. Aka ɗaure shi wata shida kan raina hukuma.

Labari ya iso Wudil. Haladu ya ce gobe zai tafi Kano ya faɗa cewa shi ne. Barakatu tana da tsohon ciki, ta riƙe masa riga tana kuka, ta ce ya bari ta haihu. Ya bari. Ta haihu, ya ce sai an yi suna. Aka yi suna, aikin ofis ya yi yawa. Kullum da safe yakan ce wa kansa mako mai zuwa. Da bazara ta kama, sanƙarau ya shiga gidan yari. Ranar da Haladu ya isa Kano, Isyaku ya kwana biyu a kabari.

Duk da haka ya shiga wurin babban da ya saurari ƙarar, ya durƙusa, ya faɗi komai. Ya kawo dokar, ya nuna inda aka saɓa mata. Mutumin bai yi fushi ba. Ya bar shi ya gama, ya ce, "Malam Haladu, karatunka ya yi kyau. Mu ma mun yi shi. Allah ya kiyaye hanya."

Kafin wata ya mutu aka sallame shi daga aiki.

Ya koma karantar da manya a ajin yaƙi da jahilci, a wata rumfa kusa da kasuwa. In ɗalibansa suka tambaye shi wani abu game da hukuma, sai ya ce su buɗe littafi. Ya rame, gashinsa ya fara fari tun bai kai arba'in ba.

A 1958 wani matashi ya zo daga Zariya. Ya ce malamansu suna bincike a kan yadda ma'aikata ke amfani da ikonsu a karkara, za a rubuta littafi, kuma an ce masa ya nemi Malam Haladu. Haladu ya ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Matashin yana rubutawa idonsa na ƙyalli, ya ce, "Wallahi malam, ba mu sami misali mai kyau kamar wannan ba. Duk ƙa'idojin uku an karya su a magana ɗaya."

Da matashin ya nemi ganin iyalin mamacin, Haladu ya raka shi ƙauyen a ƙafa. Saudatu, matar Isyaku, ta fito bakin zaure da goyo, wasu yara uku na bayanta. Ta ji abin da ya kawo su, ta ce, "In an rubuta, za a ba mu fadamar?"

Matashin ya ce ba shi da wannan ikon, amma na gaba za su amfana.

Ta ce, "To ku gaida gida." Ta koma ciki.

Daga daminar wannan shekara Haladu ya riƙa zuwa yana nome mata 'yar gonar tudun da ta rage. Bai iya noma ba, hannunsa na alƙalami ne, ya yi ta tashin ruwa yana fashewa. Saudatu ba ta hana shi ba, ba ta kuma taɓa yi masa godiya ba. Takan aiko da fura a ajiye a gindin ɗorawa. Da kakar 1959, yana ɗaurin dawa, tari ya kama shi, har ya soma tofar da jini. Mutanen ƙauyen suka ɗora shi a jaki suka kawo shi Sabon Gari. Barakatu ta yi jinyarsa har ƙarshen shekara, ya rasu da hantsi. Mutanen da suka raka shi ba su da yawa, yawancinsu 'yan ajinsa ne, sai babban ɗan Isyaku da ya tako daga ƙauye, ya kama makara, ya koma tun kafin a watse.