Shanun Baba Masu Ruwan Hoda

Mahaifina dillalin shanu ne tun kafin a haife ni. Da tsufa ya zo masa da ciwon mantuwa, sai na dawo gidanmu na Gangare don in taya Inna kula da shi. Ya manta sunayenmu, yakan ci tuwo ya wanke hannu sannan ya tambaya yaushe za a kawo abinci. Shanu ne kawai ba su fita daga kansa ba. Kullum da hantsi sai ya ɗauki sanda da hula, wani lokaci da takalmi ƙafa ɗaya, ya ce zai tafi kara, kasuwar shanu, an sauke kaya. In aka hana shi, ranar ba mai jin daɗi a gidan.

Wata rana ya sulale ba mu sani ba. Muna cikin nema sai ga shi a bayan acaɓa, wata tsohuwar nas 'yar Tudun Wada ta riƙe shi ta baya. Kowa Sista yake ce mata. A ƙofar gidanta ta tsince shi, ya buɗe bakin akuyarta yana duba haƙora.

Washegari ta dawo da littafin zane na jikokinta da kwalin kala, irin mai kama da kyandir.

"Ku ba shi ya yi kala," in ji ta. "In hannu ya samu aiki, kai zai huta. Ba zai warke ba fa, amma zai kwanta."

Kawu, ƙanin Inna, yana wurin. Ya ce, "Haba Sista! Alhaji guda, da gemunsa, a ba shi aikin 'yan nazare?"

Ni dai na ajiye littafin a gaban Baba na koma gefe. Ya wuce jirgin sama, ya wuce lemo, sai ya tsaya cak a kan hoton saniya. Ya daɗe yana kallonta.

"Wa ya bar ta haka?" ya ce. "Ba ta da jini."

Ya laluba kwalin ya zaro ruwan hoda. Na ce, "Baba, ai babu saniya mai wannan launin."

"Ke kin taɓa zuwa Chadi?"

Na ce a'a.

"To, yi shiru."

Har aka kira azahar yana kai, harshe a waje kaɗan, yana bin layi a hankali kamar tela. Sandar tana jingine, ko kallonta bai yi ba. Ranar ya cinye abincinsa, ya yi barcin rana, Inna ta samu ta je kitso.

Matsalar ita ce shanun littafin ba su da yawa. Da suka ƙare ya koma kan raƙumin dawa, ya ce saniya ce, leƙen gidan mutane ya ja mata wuya. Giwa kuma ya ce bijimi ne da aka lalata da dusa. Da ya zo kan kifi sai ya rufe littafin, ya ce shi ba a raina masa sana'a.

Ƙanina bakanike ya ce zai zana masa. Ya ɓata rabin yini ya kawo takarda yana murmushi. Baba ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan teburin na waye? Ina tozo?"

Ƙanina ya yi fushi na gaske, sai da Inna ta ba shi baki. A ƙarshe Sista ta samo wani littafin, na kai shafin saniyar wurin masu hoton takarda aka buga mini tuli guda. Matar da ke shagon ta ce, "Madam, makaranta gare ki?" Na ce mata a'a, garke gare mu.

Bangon ɗakin Baba ya cika da shanu: kore, shuɗi, ruwan goro, da wata mai ƙafafu kowace da launinta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an zagaya da shi, an gaya masa wadda take tunkuyi da wadda ta kusa haihuwa.

Wata Juma'a Kawu ya biyo bayan masallaci cikin farar shadda mai sitaci. Ya ci shinkafa ya ƙoshi, ya kishingiɗa a zaure kusa da Baba, ya juya masa baya, barci ya kwashe shi. Da ya farka ya yi sallama daga ƙofa ya tafi. Daga baya ya ba mu labari cewa tun daga lungunmu har bakin titi mutane suke ta yi masa fara'a, har ya fara tunanin ko ya tsaya takarar kansila. Sai wani mai shayi ya ce masa, "Oga, wane tela ne ya yi maka wannan aikin?"

Ya dawo yana huci, ya juya mana baya. Manyan ɗigo ja da kore a jikin shaddar tun daga kafaɗa har ƙugu, da wutsiya a ƙasa.

"Yaya, dubi abin da mijinki ya yi mini!"

Baba ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. "A da fari fat kake, ba mai tayawa. Yanzu ka yi kasuwa."

Inna ta so ta ba da haƙuri, dariya ta hana ta, sai da ta zauna a kan turmi tana share hawaye.

Ciwon bai tafi ba, kullum ƙaruwa yake. Amma faɗa ya ragu, yunƙurin fita ya zama jefi-jefi, kuma in ya tashi da ruɗewa, takarda da kala sukan dawo da shi cikin ɗaki. Daga baya Inna ma ta fara zama kusa da shi. Bai yarda ta taɓa saniya ba, ciyawa kawai ya ba ta ta yi wa kala.

Wata safiya mai sanyi ina shara na ji ya ce mata, "Baiwar Allah, kin iya ciyawa. Kina da miji kuwa?"

"Ina da shi," in ji Inna. "Ga shi nan yana yi wa saniya jan kunne."

Baba ya gyaɗa kai. "To, ki gaya masa ya yi dace. Miƙo mini shuɗi."